Wace bishiya mai ƙamshin fure zan dasa a tsakar gida?

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Mun tare a sabon gida wata huɗu ke nan, tsakar gidan fili ne fetal, ko ciyawa babu. Faɗinsa kamar mita 7, tsawonsa mita 9, katanga ta kewaye shi ta gefe uku. Abin da nake so bishiya ɗaya ko biyu da za ta yi fure mai ƙamshi idan bazara ta shigo, irin wanda mutum zai buɗe taga da asuba ya ji shi har cikin ɗaki. Na ga hoton wata wai ita lilak, furenta curi-curi ruwan shanshanbale, wallahi ta shiga raina. Akwai wanda ya taɓa dasa ta? In kuma ba ita ba, wace ce kuke gani?

Abban Walid: Dogon yaro. An gama magana.

Garba Mai Lambu: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri a sabon gida. Kafin kowa ya jefo miki suna, ki amsa mana tukuna. Sanyinku yana kaiwa ina? Ruwa yana daskarewa a waje, ko kuwa sanyin a ja bargo ne kawai? Rana tana samun filin kamar awa nawa? Sannan ina sokawe yake, ta ina bututun ruwa ya bi?

Maman Iman: Malam Garba, ruwa bai taɓa daskarewa ba inda muke. In sanyi ya yi tsanani da dare waya takan nuna digiri 12 ko 13, shi ma 'yan makonni ne. Rana kam daga hantsi har la'asar tana kan filin. Sokawe yana kusurwar gabas kusa da ƙofar shigowa.

Garba Mai Lambu: To Hajiya ki yi haƙuri, ki cire lilak daga ranki. Ba wai ba za ta rayu ba, mai yiwuwa ta yi ganye na ɗan lokaci tana kumurmusa, amma fure ba za ki gani ba. Asalinta daga duwatsun yankin Balkan ne a Turai. Ita da sauran itatuwan ƙasashen sanyi, irin su tuffa da ceri, barci suke yi lokacin hunturu, kuma idon furen ba ya farkawa sai ya tara awoyin sanyi masu yawa. Masu lambu suna ƙirga awoyin da ma'auni ya tsaya tsakanin digiri 0 da 7, ɗaruruwan awoyi ake magana, ga lilak ta asali ma abin ya wuce haka. Ke da ko sau ɗaya ba ku sauka ƙasa da 12 ba, lissafinki sifiri ne. Akwai wasu nau'o'i da aka ƙirƙiro a kudancin Kalifoniya a shekarun 1950 domin wuraren da sanyinsu bai da ƙarfi, amma su ma suna neman sanyin da ya fi naku.

Maman Iman: Kash. Na riga na zaɓa mata wuri a raina fa.

Sadiya A.: Anti Maman Iman, ni ina zaune inda dusar ƙanƙara ke kwanciya wata uku, kuma akwai lilak a bayan gidan da muke haya, tsohuwa ce ta kai tsayin rufin gareji. Gaskiya ƙamshinta ba ƙarya. In ta buɗe a watan Mayu nakan yanko reshe biyu in sa a kofin ruwa a kan tebur, kafin azahar falon ya ɗauka gaba ɗaya. Amma bari in faɗa miki abin da hoto ba ya faɗa. Mako biyu ne, in an yi sa'a uku. Daga nan furen ya koma ruwan ƙasa ya bushe a jikinta, sauran shekara kuwa wani duhun ganye ne kawai, ƙarshen zafi ma wata farar hoda take fesowa a ganyen kamar an watsa masa gari.

Kuma shekarar da muka zo, maigida ya ga ta yi buya-buya, ya ɗauki almakashi a ƙarshen kaka ya yi mata aski tas. Da bazara ta zagayo ko fure ɗaya. Ashe idon furen baɗi tun bayan na bana ya zube take haɗa shi, duk ya datse su ya zuba a shara. Maƙwabciyarmu ce, wata tsohuwa, ta leƙo ta shinge ta yi mana bayani, wai in za a rage ta to da zarar fure ya gama, kar a ƙara ko wata ɗaya.

Malam Isiyaku: Ina ga akwai ruɗani a kalmar nan ta bazara, gara a warware. Bazarar da Sadiya ke nufi ita ce lokacin da sanyi ya janye itatuwa suka fara toho, Maris zuwa Mayu a arewacin duniya, Satumba zuwa Nuwamba a kudanci. Bazarar da muka sani a harshenmu kuwa zafin nan ne da ke gaban damina. Abin mamaki duk biyun lokacin huda ne, sai dai abin da ke tada bishiyar daban. Can sanyi ne ke ɗaure ta, ɗumi ya sake ta. A ƙasashen zafi rani ne ke ɗaure ta, in ta ji laima ko ruwa sai ta fashe da fure. Don haka in kun ga an rubuta "tana fure da bazara" a jikin dashe, ku tambaya bazarar wa.

Abban Walid: Duk wannan dogon bayani, ni dai na ce dogon yaro. Ba ya son lallashi, ba ya jin fari, ga inuwa shekara zagaye. Kuma wanda ya ce furensa ba ƙamshi bai taɓa zama ƙarƙashinsa bayan magariba lokacin da ya yi huda ba. 'Yan ƙananan furanni farare, ƙamshi kamar zuma.

Injiniya Kabiru: Abban Walid, ƙamshin gaskiya ne, ban musa ba. Amma ka karanta girman filin kuwa? Mita 7 a 9. Dogon yaro yana kai mita 15 zuwa 20, kansa kaɗai zai rufe filin ya haura gidan maƙwabci. Saiwarsa kuma ruwa take bi. Da idona na ga an fasa daɓen wani gida, saiwa kamar cinyar mutum ta ɗaga siminti ta shiga ta mahaɗar bututu ta cika shi dam. Ko a tsakiyar filin Hajiya aka dasa shi, mita uku da rabi ne tsakaninsa da katanga. Bai isa ba.

Abban Walid: Ai ana sassabe shi. Namu shekara ashirin bai fasa komai ba.

Injiniya Kabiru: Sassabe na sama ne, na ƙasa wa zai sassabe maka? Kuma in kana sare kansa kowace shekara ina furen da ake nema zai fito? Naku nawa ne girman filin?

Abban Walid: Ƙofar gida yake.

Injiniya Kabiru: To ka gani.

Anti Larai: Ku bar ni in ba ku labarin wautata, ko wani zai tsira. Ni ma wurin sanyi nake kamar Sadiya. Shekara shida da suka wuce na ga wata bishiya a hoto ta yi fari fat da fure kamar an lulluɓe ta da auduga, na yi oda ba tare da na tambayi kowa ba. Dangin fiyar Turai (pear) ce ta ado, Pyrus calleryana. Ta kama da wuri, ta yi saurin girma, ina ta murna ina nuna wa baƙi. Shekara ta uku ta yi fure sosai. Ranar na fito da safe na ji wani ƙarni, na ce wa yara wa ya zubar da ruwan kifi a ƙofa? Muka duba kwandon shara, muka duba magudana, har na sa aka ɗaga murfin kwata. Sai ƙaramar 'yata ta kai hanci jikin furen ta ja da baya tana toshe baki, ta ce Mama ita ce. Mako biyu ba mu buɗe tagar kicin ba. Daga baya na karanta cewa ƙudaje take kira da warin, kuma rassanta ba ƙwari, iska kaɗan sai ta tsage. A Amurka ma ta zame musu annoba tana bazuwa cikin daji, jihar Ohayo ta hana sayar da ita tun daga Janairun 2023. Bara na sa aka sare tawa, har yanzu kututturen yana tsiro.

Cinikin biri a sama na yi. Duk wanda zai sayi bishiya don ƙamshi, ya je lokacin da take cikin fure ya kai hancinsa.

Sadiya A.: Anti Larai wallahi na yi dariya har da hawaye. Suna nan jere a titinmu, da na ɗauka kwata ce ta fashe.

Malama Bilkisu: Abin da ya sami Anti Larai yana da dalili, kuma in an gane shi zaɓi zai yi sauƙi. Fure ba don mu yake ƙamshi ba, talla yake wa ƙwaron da zai ɗaukar masa garin nan na cikin fure zuwa wani furen. Mai neman ƙudan zuma yakan yi ƙamshi mai zaƙi da rana. Mai neman ƙudaje sai ya yi wari, sinadarin da ke cikin na Anti Larai dangin wanda ke fita daga kifin da ya kwana ne. Mai neman malam-buɗe-littafin dare kuma yawanci fari ne ko ruwan madara don a gan shi cikin duhu, kuma sai bayan faɗuwar rana yake sakin ƙamshinsa da ƙarfi. To Maman Iman, yaushe kike zama a tsakar gidan? In da dare ne ko asuba, farin fure za ki nema. Ja mai ɗaukar ido sau da yawa tsuntsu yake kira, tsuntsu kuwa ido yake bi, shi ya sa za ki ga bishiya ta yi ja wur kamar gobara amma hanci bai samu komai ba.

Wani abu kuma, furen da aka ƙirƙira mai ninki-ninki, wanda ya cika tim kamar gammo, sau da yawa ƙamshinsa bai kai na mai falle ɗaya ba, ƙudan zuma ma ba sa samun abin ɗauka a ciki. Ba doka ba ce, akwai masu saɓawa, amma a kula.

Katangar nan taki ta gefe uku kuwa riba ce. Ƙamshi tururi ne da ke tashi daga furen, iska mai ƙarfi kwashe shi take ta yi gaba. Inda iska ta lafa, ga ɗumin da bango ya sha da rana yana saki da yamma, nan yake taruwa. Ƙaramar bishiya a lungu ta fi babba a sarari cika hanci.

Maman Iman: Malama Allah ya ƙara ilimi. Da yamma muke zama, da kuma bayan asuba. Na manta ban faɗa ba, yarana uku, ƙaramin shekararsa biyu, komai ya gani baki yake kaiwa. Sannan Hajiyar maigidana tana tare da mu, tana da asma.

Hajiya Turai: Da zan ce kurnar nasara, don furenta ya fi komai kama da lilak ɗin da kike so, launi ɗaya, ga ƙamshi mai sanyi da yamma, kuma tana son zafi. Amma tunda kin ambaci yaro na janye. 'Ya'yanta masu ruwan ɗorawa zuba suke a ƙasa birjik kamar an watsa duwatsun wasa, kuma guba ne ga mutum da dabba. Ba na gida mai ɗan shekara biyu ba ce.

Garba Mai Lambu: Hajiya Turai ta yi gaskiya. Ga masu wurin sanyi ma akwai irin wannan tarkon, wata mai fure ruwan zinare da ke zubowa kamar sarƙa, labanam, duk jikinta guba ne, ƙwayarta kuma cikin kwanso take kamar wake, yara na ɗauka.

Ni in gidana ne, Hajiya, lemu zan dasa. Mutane suna kallon bishiyar lemu a matsayin ta 'ya'ya kawai, sun manta furenta yana cikin mafi ƙamshi a duniya. Man neroli da manyan masu haɗa turare ke ji da shi daga furen lemu mai ɗaci ake tatsarsa, kusan tan guda na fure kafin a sami kilo ɗaya. Birnin Isbiliya a Sifen dubban itatuwan nan ne jere a tituna, in Maris ya yi garin gaba ɗaya yake ɗauka, furen ma suna ce masa azahar, kalmar da suka gada daga Larabci. Ga shi bishiyar lemu yawanci mita 4 zuwa 6 take tsayawa, ba ta zubar da ganye ta tsaya tsirara, saiwarta ba mai fasa gini ba ce in an ba ta mita biyu da rabi ko uku daga bango. Furen fari ne mai kauri kamar kakin zuma, in kika murza ganyen ma ƙamshi ne. Ko ba fure kina da abin kallo, ganye kore shar mai sheƙi. Wannan shi ne abin da nake so mutane su riƙa tunawa, fure mako uku ne, sauran mako arba'in da tara da bishiyar za ki zauna.

Abban Walid: Lemu da shegen son ruwa da ƙwari? Wata shida za ta gaji.

Garba Mai Lambu: Zuma da zaƙi da harbi, Abban Walid. Yana son kulawa, ban ɓoye ba. Darɓa tana kama sabon toho, akwai tsutsar da ke zane a cikin ganye, akwai masu manne wa reshe kamar ƙuraje. Amma bishiya ɗaya ce a tsakar gida, ba gona ba. Ruwan sabulu kaɗan da hannu sun isa yawancinsu. Abin da dai ba a yi shi ne fesa magani tana cikin fure, ƙudan zuman da suka zo aiki za ka kashe. Ruwa kuma abin da ke kashe lemu ba ƙishirwa ba ce, yawanci kwanciyar ruwa ce a gindinsa, sai ka ga ɓawo ya tsage yana fitar da ƙaro. A yi masa kwari a kewaye nesa da gindi, a shayar da shi sosai, a bar ƙasa ta sha iska kafin a ƙara.

Malam Isiyaku: Ƙari a kan maganar Malam Garba, lemu yana cikin masu jin ɗaurin rani da na faɗa. Manoman lemun tsami a tsibirin Sisili har dabara suka mayar da shi, su hana bishiya ruwa makonni a tsakiyar zafi har ganye ya fara lanƙwashewa, sannan su sake mata ruwa, sai ta yi sabon fure ba a lokacinsa ba. Ban ce Maman Iman ta gwada a kan ɗan dashe ba fa, sai bishiya ta kafu.

Sadiya A.: Mu na wurin sanyi fa, lemu ya haramta gare mu ke nan?

Garba Mai Lambu: A ƙasa dai e, in ruwa na daskarewa zai ƙone. Sai a babbar tukunya, ki fitar da shi in ɗumi ya zo, ki shigar da shi gaban taga in sanyi ya kawo kai. Ba sabon abu ba ne. Sarki Luwi na 14 na Faransa gini guda ya sa aka yi wa itatuwan lemunsa a fadar Basai a shekarun 1680, suna cikin akwatunan katako, ana turo su waje da zafi a mayar da su da sanyi, har yau haka ake yi a wurin. Amma ke da kike da lilak a bayan gida, in ƙari kike so ki nemi magnoliya.

Anti Larai: Magnoliya ce na sa a gurbin mai warin kifin. Wannan karon sai da na je na shinshina. Ƙaramar na ɗauka mai fure kamar tauraro, ba ta wuce mita uku ko huɗu, a hankali take girma. Fure take fara yi kafin ganye, reshe tsirara sai fararen furanni. Ƙamshin ba mai bugun kai ba ne, sai kin matso. Matsalarta ɗaya, gaggawa. Bana ta buɗe, kwana huɗu sanyi ya dawo dare ɗaya, da safe duk furen ya yi baƙi-baƙi ya yi laushi kamar tsumma. Sai baɗi kuma.

Malama Bilkisu: Anti, in da hali kar a sa ta inda ranar safe ke fara bugawa, narkewar gaggawa bayan daskarewa tana ƙara lalata furen. Kuma kar a yi mata noma a gindi, saiwarta a sama take, mai taushi. Magnoliya tsohuwar zuriya ce ƙwarai, ƙwari dangin buzuzu ne ke yi mata aikin ɗaukar gari, shi ya sa fallen furenta ke da kauri, don ya jure tattakawa da cizo. A kula da suna wajen saye, akwai babbar mai ganye shekara zagaye da fure kamar faranti mai ƙamshin lemun tsami, ita tana haura mita 20. Sunan gida ɗaya, girma ba ɗaya ba.

Maganar asmar Hajiya kuma. Yawancin masu sa atishawa da mura itatuwa ne da ciyayin da iska ke ɗaukar musu gari, furensu ma ba a lura da shi. Masu ƙamshi garinsu nauyi ne da shi da danƙo, jikin ƙwaro yake bi. Amma ƙamshi mai ƙarfi shi kansa yana iya tayar wa wasu masu asma da ciwo ko ya sa ciwon kai. Don haka kar ki dasa a bakin tagarta, kuma kafin ki saya ki kawo reshe mai fure gida ki ga yadda za ta ji. Sarauniyar dare dai, wannan ƙaramar mai buɗewa da daddare, kar ma ki fara, a rufaffen fili irin naki mai lafiya ma tana hawa masa kai.

Baba Ɗanjuma: 'Ya'yana kun yi ta zagaye duniya, Faransa, Sifen, Amurka, ba wanda ya ambaci lalle. Ko kun ɗauka ganye kaɗai gare shi? Ku bar shi ya tashi ba ku yi masa aski ba, zai zama 'yar bishiya mita uku zuwa biyar, ya yi fure ƙanana curi-curi masu ruwan madara. In ya buɗe, tun daga zaure ake sanin akwai shi a gida. Ba ya tsoron rana, ba ya tsoron fari, kuma ba sau ɗaya yake fure a shekara ba. In ya tsufa yakan yi 'yar ƙaya a ƙarshen reshe, sai a sa shi can jikin katanga.

Sannan 'yata Maman Iman, in lemun za ki saya, ki sayi ɗan aure. Ni na shuka ƙwaya da hannuna ina da ƙuruciya, shekara takwas ina ba shi ruwa yana ba ni ƙaya kafin ya yi furen fari. Ɗan aure shekara biyu zuwa uku ya fara. Ki duba gindin, za ki ga gwiwa inda aka haɗa, kar ki binne wannan gwiwar. Duk tsiron da ya fito ƙasa da ita ki cire, na uwar gindi ne, in kin bar shi zai cinye na saman.

Maman Iman: Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Wallahi ban taɓa ganin furen lalle ba.

Baba Ɗanjuma: Ina za ki gani, ana tsige shi tun bai kai gwiwa ba.

Hajiya Turai: Ba wanda ya ce faranjifani? Mai farin fure da ruwan ɗorawa a tsakiya. Tawa a bakin baranda take, da safe nakan tarar da furanni sun zubo a daɓe ko ƙwarzane babu, in tsince su in zuba a kwanon ruwa. Da dare ta fi ƙamshi. Dasa ta kuwa ba wuya, reshe za a karyo kamar kamu biyu, a jingine shi a inuwa mako ɗaya ko biyu bakin ya bushe, a soka a ƙasa mai rairayi. In an soka shi ɗanye ruɓewa yake.

Injiniya Kabiru: Ta fannin gini ba ni da ƙorafi a kanta, saiwarta ba ta da faɗa. Amma inuwarta ba ta taka kara ta karya ba, kuma wata da watanni takan tsaya ba ganye kamar ƙahon barewa.

Malama Bilkisu: Ga kuma farin ruwan da ke fita in an karya ta, kamar na tumfafiya, yana ƙona ido da fata, ba a so ya shiga baki. Da ɗan shekara biyu sai an sa ido, ko a kewaye ta har ya yi wayo. Mayaudariya ce ma, ƙamshi take yi ta kira ƙwaron dare alhali ko ɗigon zaƙi babu a furen, ya yi ta yawo daga wannan zuwa wancan yana yi mata aiki kyauta.

Abban Walid: To ai ko a mutane akwai irinta.

Injiniya Kabiru: Hajiya ga lissafina. Sokawe yana gabas, to lemu ya tafi yamma, mita uku daga katanga, mita uku daga ginin ɗaki, zai sami rana tun hantsi. Lalle a kusurwar da ta fi nisa da tagar Hajiya babba. Biyun nan sun ishi filin, kar ki ƙara ta uku. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ya ga dashe a leda kamar sanda, ya jera biyar, bayan shekara shida suna kokawa ba wadda ta yi fure don duk sun shanye wa juna rana.

Garba Mai Lambu: Na yarda da Injiniya, karon farko a wannan zauren. Wajen dasawa, rami ya ninka faɗin ledar sau biyu ko uku, amma zurfinsa kar ya wuce na ledar. Ki zare ledar ki duba, in saiwa ta nannaɗe kamar gammo ki warware ta da yatsa, in ta yi yawa ma ki canza wani dashen. Ki shimfiɗa busasshen ganye a kewaye, ki bar tazarar tafin hannu daga jikin gindin saboda gara da ruɓa. Taki kuma a yi hankali da yuriya. In ta yi yawa bishiya sai ta yi ta ganye kore shar tana ƙiba, fure ko oho. Mutane da yawa da ke kuka tasu ta ƙi fure, ƙoshi ne ya yi mata yawa ko inuwa.

Abban Walid: In lemun ya mutu dai dogon yaro yana nan yana jira.

Maman Iman: Na dawo da rahoto. Jiya na je wurin masu dashe, na yi sa'a akwai wani babban lemu a tukunya da ya fara huda. Na roƙi mai wurin ya yanko mini ɗan reshe, na kawo gida na ajiye a falo ban ce wa kowa komai ba. Bayan la'asar Hajiya ta fito ta tsaya tana waige-waige, ta ce wa ya sa turare mai daɗi haka? Ta zauna kusa da shi har magariba, ko tari ba ta yi ba. Na sayi ɗan aure guda, na ga gwiwar da Baba ya faɗa. Lalle kuma mai wurin ya ce ba ya ajiyewa don ba a tambaya, sai dai in samo reshe.

Baba Ɗanjuma: Reshe yana kamawa. Ki samo mai kaurin fensir, ki soka biyu ko uku, wanda ya fi ƙarfi ki bar shi.

Sadiya A.: Anti in ya yi fure ki turo mana hoto.

Anti Larai: Hoto kuma? Sadiya ba ki ji labarina ba ne?

Maman Iman: Malam Garba, tambaya ɗaya ta ƙarshe. Ɗan dashen yana da 'yan furanni huɗu a kansa yanzu haka. Mai wurin ya ce in tsinke su don ya yi saiwa. Da gaske sai na tsinke?

Garba Mai Lambu: Ki bar su ki sha ƙamshinsu, Hajiya. In sun zube sun fara ɗaura 'ya'ya kamar ƙwayar gero, su za ki tsinke. Bana da baɗi saiwa muke so.